Shirun da Na Yi a Ƙofar Aji

Jikata ce ta tayar mini da zancen. Muna zaune a rumfa da hantsi, ina soya ƙwayar gahawa, ita tana latsa wayarta, sai ta kira ni yadda ake kiran kaka a nan, ta ce, "Haboba, kin ji abin da ake ta rigima a kai a ƙasashen waje? Wai an haifi mutum namiji, ya girma ya ce shi mace ne, likitoci su yi masa magani, sannan ya shiga tseren mata. Wasu sun ce an cuci matan, ƙarfin ba ɗaya ba ne, har ana iya ji musu ciwo. Wasu kuma sun ce korar ita ce cutar. Ke me kika gani?"

Na yi ta juya kasko har hayaƙi ya tashi. Ta ce, "Haboba, yau gawayi za mu sha?"

Na sauke kaskon. Abin da take karantawa daban ne da abin da na sani. Ni ban taɓa ganin wanda ya canza halittarsa ba, kuma ba ni da ilimin da zan yanke wa mutanen nesa hukunci. Amma tambayar da ke ƙarƙashin rigimar, wato wace ce ta isa mace har ta yi gudu da mata, an taɓa ɗora mini ita a nan garin Gadarif, a gaban jama'a, ƙiri-ƙiri. Karatuna kaɗan ne, aji huɗu na yi sai makarantar ungozoma. To amma ya ishe ni in rubuta abin da na aikata.

Ungozoma ce ni, a nan daya ake ce mana. An ba ni farin mayafi da akwatin ƙarfe mai almakashi da zare da sabulu, na yi aiki a unguwarmu ta Hausawa har idanuna suka gaza. Muna da al'ada wadda kowane yaro a unguwar ya sani. Idan daya ta fito daga ɗakin haihuwa, matan da ke jira a tsakar gida sukan tambaye ta, "Me aka samu?" Sai ta ce mace, ko ta ce namiji, a rangaɗa guɗa. Idan kuwa jaririn ya zo babu rai, ko ya zo da wata tawaya da ba a so a ambata, daya ba ta cewa komai. Ruwa take nema ta wanke hannu. Matan su sunkuyar da kai, kowa ta gane.

Maƙwabciyata, wadda danga ɗaya ce tsakanin gidana da nata, ta haihu a hannuna cikin damina, wata uku bayan na haifi tawa 'yar. Da na duba jaririyar sai na ga halittarta ba ta fito fili yadda aka saba ba. Ta fi kama da mace, amma da abin dubawa. A makaranta an gaya mana irin wannan likita ake kaiwa. Na nuna wa uwar, ta riƙe mini wuyan hannu da ɗan ƙarfin da ya rage mata, ta ce, "Yaya, ki rufa mini asiri. In kika kai ta asibiti, gobe kasuwa za ta ji."

Na fita, aka ce me aka samu, na ce mace. Aka yi guɗa. A lokacin ban ji na yi ƙarya ba, har yau ma ban ji ba. Mace aka raɗa mata suna, mace ta tashi, ta koyi tuƙin tuwo da kitso tare da 'yata, tabarma ɗaya suke zama a makarantar allo. Inna take ce mini. Ko ubanta bai san komai ba, ita kanta ba ta sani ba. Mu biyu kawai muka riƙe maganar, kuma ba mu sake ɗaga ta ba, ko a tsakaninmu.

Ubanta yankan riɗi yake yi a manyan gonaki idan kaka ta yi, ita ce mai kai masa abinci. Can ta koyi gudu, a kan baƙar ƙasar nan tamu da ke tsagewa da rani har ƙafar mutum ta shige. Lokacin da suka kai shekara goma sha biyar ta fi 'yata tsawo da tafin hannu guda, kafaɗunta sun buɗe, muryarta ta yi kauri. 'Yan mata kan tsokane ta su ce, "Ke in kika yi sallama sai mu ɗauko mayafi, mun zaci baƙo ne." Ita ma sai ta yi dariya ta ƙara kaurara muryar ta ce, "Ina maigidan?"

A shekarun nan makarantun 'yan mata sukan haɗu bayan girbi su yi wasanni. Ba kowane uba ne ke barin 'yarsa ba. An sha daga kafin a yarda, sai da aka ce mata kaɗai za su shiga filin, ban da 'yan dattawan da suka rako 'ya'yansu daga nesa, kuma yaran za su sa dogon wando a ƙarƙashin riga. Wadda ta ci tsere akan kai ta garin Kasala ta kara da 'yan wasu garuruwa. Mutum ɗaya ake ɗauka. Ga yarinyar unguwarmu wannan ba ƙaramin abu ba ne: shiga mota, kwana a makarantar kwana, malamai su san sunanki, wataƙila a buɗe miki hanyar ci gaba da karatu.

'Yata ma tana gudu, kuma ta iya. Takan tashi ta zaga bayan unguwa kafin ta tafi makaranta, ta dawo tana haki. Amma ko sau ɗaya ba ta taɓa wuce 'yar maƙwabciyata ba. Wata rana ta zauna tana cire ƙaya daga tafin ƙafarta, ta ce, "Inna, ni ina mutuwa a kan gudun nan, ita kuwa kamar aike aka yi mata." Ba da ƙiyayya ta faɗa ba, ƙawarta ce. Ni ce maganar ta zauna wa a ciki. Na san abin da 'yata ba ta sani ba, na fara ce wa kaina, to wannan adalci ne?

Ranar farko ta wasannin shekarar, an zo da 'yan mata daga garin Shuwak a bayan lori. Cikinsu akwai wata siririya mai sauri ƙwarai. Da toka aka ja layukan filin, iska ta share rabinsu kafin a fara. A tseren share fage, wajen shan kwana, ita da 'yar maƙwabciyata suka matso ciki lokaci ɗaya, kafaɗa ta haɗu da kafaɗa. Tamu ko tangaɗi ba ta yi ba. Ta Shuwak ta tashi sama ta faɗi da fuska a kan busasshiyar ƙasa. Ni na ruga na ɗaga ta. Haƙoranta biyu na gaba sun fita, hannunta ya karye a ƙasan gwiwa, jini ya jiƙe mata riga. Tana kuka tana cewa, "Haƙorana, ku nemo mini haƙorana." 'Yar maƙwabciyata ta dawo da baya ta durƙusa tana tona ƙasa da yatsu tana nema mata.

Uban ta Shuwak ɗin yana cikin dattawan da ke gefe. Ya zo ya nuna tamu da sanda ya ce da Larabci, wannan ba yarinya ba ce, ku dubi kafaɗunta, ku saurari muryarta, kun sa namiji cikin 'ya'yan mutane. Ban ga laifinsa ba a ranar, yau ma ban gani ba. Ya kawo 'yarsa lafiya, zai mayar da ita da giɓi a baki, a shekarun da ake fara kallon fuskar yarinya.

Da la'asar shugabar makarantar yaranmu, nazira muke ce mata, ta aiko a kira ni. Mace ce mai tsoron Allah, ita ce ta yi ta bin gidaje tana roƙon iyaye su bar 'ya'yansu su yi wasa. Ta kira ni Haja, wato Hajiya, ta ce, "Amanar 'ya'yan mutane ce a wuyana. In maganar mutumin nan gaskiya ce, na cuci sauran yaran, kuma gobe wata za ta iya karya wuya. In ƙarya ce, ina so a rufe masa baki. Ke ce dayar unguwarsu. Ki duba mini ita kafin tseren ƙarshe."

Hanyoyi da yawa suna gabana a lokacin, na ƙirga su sau ba adadi daga baya. Da na ce mata ni na karɓi haihuwar yarinyar, mace ce, ba na buƙatar dubawa. Da na tsallaka danga na zauna da uwar, mu ce ƙafarta ta gurɗe a karon, ta janye da mutuncinta, sannan mu kai ta wurin likita a wani garin a asirce. Da ma na ce wannan ba aikina ba ne. Ban yi ko ɗaya ba. Na ce, "To, gobe da safe zan zo." Na koma gida ban leƙa maƙwabciyata ba, ina jin ta tana daka ta bayan danga.

Washegari na yafa farin mayafina, na ɗauki akwatin. Ba abin da zan yi da akwatin, amma na ɗauka. A unguwarmu idan aka ga daya da akwati, kowa yakan bar abin da yake yi ya bi ta da ido ya ga gidan da za ta shiga. Haka na ratsa filin da shi, ta gaban 'yan mata da malamai da iyaye mata, aka kira yarinyar, muka shiga wani aji, nazira ta ja ƙofa ta tsaya a waje.

Ban taɓa ta ba. Ban ce ta cire ko ɗankwali ba, don na riga na san abin da na sani tun ranar da ta zo duniya. Na ajiye akwatin a kan benci, na buɗe, na rufe. Ita tana tsaye jikin allo, ƙafafunta ba takalmi, ta shafa musu mai don tseren.

Ta ce, "Inna, yarinyar jiya fa? Hannun ya ɗoru?"

Na ce an ɗora.

"Wallahi ban gan ta ba, Inna. Layin ne ya goge."

"Na sani."

Sai ta ce, "To me za ki duba? Ba ke kika karɓe ni ba?" Ta ɗan yi dariya, dariyar ta tsaya a hanya da ta ga fuskata. Ta ce, "Inna, akwai abin da ke damuna ne? Duk sa'o'ina sun fara ganin jinin wata, ni shiru. Na tambayi Ummata ta ce in bar zancen."

Na ce, "Ba komai, 'yata. Zauna ki huta."

Muka zauna kamar tsawon salla biyu. Sannan na ɗauki akwatina na buɗe ƙofa.

Mata sun taru a bakin ajin, sun fi yadda na zata. A gaba akwai wata tsohuwa 'yar unguwarmu mai sayar da gyaɗa a ƙofar makarantar, mai barkwanci ce, kuma tana son yarinyar kamar jikarta. Ta ga abin wasa ne, ta so ta kunyata mutanen Shuwak. Ta ɗaga murya yadda ake yi a tsakar gidan haihuwa ta ce, "To daya, me aka samu?" Mata suka fashe da dariya. Har ta kai hannu baki, tana jiran in ce mace ta callara guɗa.

Kalma ɗaya ce, kuma na taɓa faɗinta a kan wannan yarinyar. Na ɗaga ido, sai na hango 'yata a gindin bishiyar darbejiya tana ɗaure wandonta a idon sawu. Ta Shuwak ta karye. In wannan ta fita, babu mai wuce 'yata. Ban zauna na shirya haka ba, amma tunanin ya zo mini, kuma na bar shi ya zauna.

Na juya wurin nazira na ce a ba ni ruwa in wanke hannu.

Dariyar ta mutu. Mai gyaɗa ta sauke hannunta a hankali. Malaman da ba 'yan unguwarmu ba ne ba su gane nan take ba, amma matanmu sun gane, yaranmu ma sun gane. Na wanke hannuwan da ba su taɓa komai ba, ruwan yana zuba a ƙasa, yarinyar tana tsaye a bayana a bakin ƙofa tana kallo. Ita ma 'yar unguwar ce. Ta san abin da ake nufi da ruwan.

Shekaru na yi ina ce wa kaina ai ban faɗi komai ba, ban tona asiri ba, ban kuma yi wa nazira ƙarya ba. Wannan kariyar ba ta da amfani. Na fi kowa sanin abin da shirun daya ke nufi, sana'ata ce.

Ba wanda ya kori yarinyar da baki. Ita ce ta bi ta bayan azuzuwa ta fita, tana tafiya a hankali, ba ta yi gudu ba. Aka yi tseren, 'yata ta ci, ba a yi guɗa ba. Ta je Kasala ta dawo, ta naɗe wandon ta sa a ƙasan akwatin kayanta, ba ta sake gudu ba. Ba ta taɓa tambayata abin da ya faru a ajin ba. Har ta yi aure ta haifi 'ya'yanta, ko ɗaya ba ta bari na karɓa ba, asibiti take tafiya. Ta ce wai don tsabta.

Kafin mako ya zagayo maganar 'yar maƙwabciyata ta cika gari, kuma ta yi rassa. Wasu suka ce namiji ne aka ɓoye, wasu suka ce aljanu ne suka musanya ta. Matan da take yi wa kitso suka daina cire ɗankwali a gabanta. A wurin ɗiban ruwa 'yan mata kan ja baya su ba ta hanya. Ubanta ya ji a kasuwa, a bakin mutanen da bai sani ba. Ta daina zuwa makaranta, ta daina fita ko ƙofar gida.

Uwar ta zo mini sau ɗaya tak. Ba ta shigo ba, ta tsaya a jikin danga. Ta ce, "Yaya, da kin ce ba za ki iya riƙewa ba, da tun tana zanin goyo na ɗauke ta mun bar garin." Na buɗe baki, ta ce, "A'a, kar ki ce komai. Kin iya shiru." Bayan wata biyu suka ɗaure kayansu a lori suka koma garin Fau, inda ake neman masu aikin auduga.

Na yi shekara sama da ashirin ban je ba. Sai da na ji uwar ta rasu, watanni bayan rasuwar, na ce zan je gaisuwa. Ba gaisuwar ce ta kai ni ba. Na sauka a tashar Fau da azahar, ina shirin tambayar unguwar Hausawa, sai na ga 'yar maƙwabciyar tawa. Tana zaune a kan 'yar kujera a bayan murhun gawayi tana sayar wa direbobi shayi, ta lulluɓe da mayafi mai duhu. Ta yi ƙiba kaɗan, furfura ta fito mata a goshi. Wata mata da muka zo mota ɗaya ta ce mini ba ta taɓa aure ba, 'ya'yan ƙaninta take riƙo, kuma duk tashar ba mai shayi kamar nata.

Na zauna a bencinta. Ta dube ni, na ga ta gane ni. Ta ce, "Haja, da madara ko baƙi?"

Na ce baƙi. Ta zuba ta miƙo mini. Na yi mata gaisuwar uwarta, ta amsa yadda ake amsa wa baƙo. Sai da direbobin suka tashi na ce, "'Yata, na zo ne in roƙe ki gafara."

Ta gyara gawayi da ɗan ƙarfe, ba ta ɗago ba. Ta ce, "'Yarki ta ci a Kasala?"

Na ce, "A'a. Ba ta ma kai tseren ƙarshe ba."

"Da ni ce da na ci," in ji ta. Ta faɗa kamar mai faɗin farashin sukari. Sannan ta ce, "Na je wurin likita a garin Madani da ƙafata, bayan na girma. Ya yi mini bayani, ya ce haka Allah ya yi ni, akwai irina. Ya ce wataƙila gaskiya ne na fi su ƙarfi. Da kin gaya mini haka a cikin ajin nan, da ni da kaina zan ce ba zan yi gudun ba. Ina ganin fuskar yarinyar nan ta Shuwak har yau. Na tambaye ki, kika ce ba komai, sannan kika fita kika gaya wa gari."

Na ce, "Haka ne."

"Na yafe miki, don ina son Allah ya yafe mini. Amma ki shanye shayinki ki tafi, Haja. A nan ba wanda ya san komai, yaran da nake riƙo ma ba su sani ba. Akwai 'yan Gadarif da ke wucewa ta tashar nan kullum. In aka ga dayar unguwarmu zaune a bencina, wani zai tuna."

Na shanye, ya ƙona mini harshe. Akwai lorin da ke lodin buhuna zai koma Gadarif, na je na tsaya a inuwarsa, nesa da ita, na juya baya kamar ban san kowa a tashar ba. Da muka tashi na leƙa ta tsakanin katakon motar. Tana wanke kofin da na sha, wani direba yana tsokanarta a kan sukari ya yi kaɗan, tana mayar masa. Ba ta dubi hanya ba.

An ce mini tana nan da rai. Ban koma ba, ban aika ba, kuma in mutanen Fau suka zo unguwarmu ba na tambayarsu labarinta.